Harbi na biyu da bindigar toka: yaya ake saurin ɗuri?

Ɗan Dogon Daji:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana maharba. Wani abu ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar. Mun yi sammako ni da kawuna zuwa dajin da ke yamma da mu. Na samu gada tana kiwo a bakin sarƙaƙiya, na harba, na same ta a cinya. Ta faɗi, ta miƙe tana jan ƙafa. Wallahi tsakanina da ita bai fi taku talatin ba. Amma kafin in cire murfin ƙaho, in auna albarushi, in lalubo tsumma a aljihu, in danna, in zuba dalma, in sake dannawa, ta shige. Mun bi jini har rana ta take ba mu gan ta ba. Naman bai dame ni ba. Abin da ya hana ni barci shi ne na karya wa dabba ƙafa na bar ta da ciwo a dawa. Don Allah masu adaka, wato bindigar toka, yaya kuke yi ku samu harbi na biyu kafin nama ya ɓace?

Na Gidan Igwai:
Wa alaikumus salam. Abokina, matsalarka awo ne. Ni ba na tsayawa awo a daji. Bakin ƙaho nake kafawa a bakin bindiga, hannuna ya san adadin. In jefa dalma, in buga gindin bindiga a ƙasa sau biyu, shi ke nan ta zauna. Ko sandar ɗuri ba na zarewa. Kafin ka ƙirga ashirin na gama.

Sarkin Baka (jikansa ke rubuta masa):
Baba ya ce in rubuta yadda ya faɗa, kada in gyara. Ya ce: Kai yaro na Gidan Igwai, ka bar wanga aiki tun yau. Ba faɗa nika maka ba, tsoro nika ji maka. In ka harba bindiga, ba duka wuta ka fita ba. Wani lokaci ɗan guntun tsumma na nan ciki shina ci a hankali, ba hayaƙi, ba komi. Ka kafa ƙaho bisa bakinta, albarushi ya sauka kan garwashin nan, wuta ta biyo shi sama har cikin ƙahon da ke hannunka. Ƙaho cike da albarushi, kusa da fuskarka. Mun gani da idonmu. Wani abokin farautarmu, Allah shi jiƙan shi, haka yar rasa yatsa ukku da ido guda, kuma shi ma shekara da shekaru shina yi ba abin da yas same shi, sai rannan.

Kai kuma ɗana na Dogon Daji, abin da yas same ka ya samu kowa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da munka tashi, ba a daji muka awo ba, gida muka yi. Ka samu gora siririya, ka yanka ta gaɓa-gaɓa, kowace da gindinta a toshe. Ka zauna cikin inuwa da hankalinka kwance, ka auna ɗuri guda ka zuba cikin kowace, ka toshe da totuwar kara. Dalma ma haka, nata goran daban. Tsumma ka yanke shi tun gida daidai bakin bindigarka. In ka shiga daji, ka cire toshi, ka juye, ka wuce. Ko wuta ta tashi, ɗuri guda ta ci, ba ƙaho ba.

Ɗan Dogon Daji:
Ranka ya daɗe, na gode. Guda nawa ake ɗauka? Kuma ina ake sa su? Aljihuna ne babban abin da ya ɓata mini lokaci, komai ya cakuɗe a ciki, har da goro.

Sarkin Baka (jikansa ke rubuta masa):
Ya ce huɗu ko biyar sun isa yini. Ya ce ka tafi wurin baduku shi ɗinka maka ɗamara ta fata mai 'yan gidaje, kowace gora da gidanta, albarushi gefen dama, dalma gefen hagu, kuma kada ka taɓa sauya musu wuri. Hannu shi ka koyon hanya, ido na kan nama. Tasa ɗamarar ta jar fatar akuya ce, na gan ta, ta girme ni.

Na Gidan Igwai:
Baba, ina neman afuwa, ba gardama nake da manya ba. Maganar ƙaho na ji, kuma ta shige ni. Amma ta buga gindi fa? Ai dalma nauyi gare ta, da kanta take sauka. Sanda ita ke cin rabin lokacin.

Ɗan Maƙera:
Bari in amsa wannan, don aikin gidanmu ne. Kakannina a Maƙerar Assada suka yi zamaninsu, kuma tun ina yaro nake ganin bindigogin da ake kawowa gyara. Mafi yawan waɗanda bututunsu ya kumbura ko ya tsage, abu biyu ne sanadi. Na farko an yi musu ɗurin da ya wuce ƙarfinsu. Na biyu, kuma shi ne naka, dalma ba ta zauna kan albarushi ba, an bar fili a tsakani. A harbin farko bututu a wanke yake, komai na zamewa. Da ka harba sau ɗaya, baƙar dauɗa ta lulluɓe ciki, saboda albarushin gargajiya kusan rabinsa ba ya zama iska, toka yake komawa. To a ɗuri na biyu sai dalma ta maƙale a rabin hanya, kai kuwa ka buga ƙasa ka ɗauka ta sauka. Idan wuta ta tashi, ƙarfin ya zo ya ci karo da abin da ya toshe hanya, daidai wurin ƙarfe ke buɗewa. Kuma ina wurin yake? Inda hannunka na hagu ke riƙe.

Ka ƙara da cewa bindigogin da ke hannun mutanenmu ba duka aka yi da ƙarfen kirki ba. Akwai waɗanda bututun ruwa ne kawai aka yi wa kota, mai ɗinki a tsawonsa. Irin wannan ko da ɗuri daidai ina jin tsoronta, balle da fili a ciki.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya zo wurina: ka ɗura bindigarka daidai a gida, ka zura sanda har ta zauna, ka yi mata zane da wuƙa daidai bakin bututu. Ka kuma yi wani zanen lokacin da bindigar ba komai a cikinta. Daga ranar, sandarka za ta riƙa gaya maka gaskiya. Zane ya tsaya sama da baki, ɗuri bai zauna ba, ko kuma biyu ne a ciki.

Malamin Tarihi, Runjin Sambo:
Maganar ɗuri biyu ta tuna mini wani abu. A yaƙin basasar Amurka, bayan gwabzawar Gettysburg a 1863, an tsince bindigogi fiye da 27,000 a filin daga. Kusan 24,000 a ɗure aka same su, kuma aƙalla rabin waɗannan an ɗura su fiye da sau ɗaya. Sojoji ne da aka horar, amma cikin ruɗu mutum ya ja kunama, ba ta tashi ba, bai sani ba saboda ƙara, ya sake zuba wani a kai. Idan haka ta faru ga soja, maharbin da zuciyarsa ke bugawa don ya ga nama na jan ƙafa ba zai ce ya fi ƙarfin wannan kuskure ba.

Dabarar Baba ta gora kuwa, duniya ta daɗe da ita. Sojojin Turai na ƙarni na 17 suna rataya 'yan kuttu na katako a ɗamarar ƙirji, kowanne da ɗuri guda. Mutanen duwatsun Kaukasus har yau rigarsu ta gargajiya tana da jerin 'yan aljihuna a ƙirji, asalinsu gidajen ɗuri ne. Daga baya aka koma naɗe albarushi da harsashi cikin takarda guda, soja ya yage da haƙori, ya juye, ya danna takardar ta zama toshi. Da wannan sojan Ingila na ƙarni na 18 yake harbi uku a minti ɗaya. Irin wannan takarda ce ma ta hura wutar boren Indiya a 1857, da labari ya bazu cewa an shafa mata kitsen alade da na saniya, sojoji Musulmi da Hindu suka ƙi sa ta a baki.

Na Gidan Igwai:
To Malam ka gani! Uku a minti ɗaya, ai daƙiƙa ashirin ke nan, abin da na faɗa. Su ba su tsaya share bututu bayan kowane harbi ba.

Malamin Tarihi, Runjin Sambo:
Gaskiya ne ba su tsaya ba, amma duba bambancin. Su a sahu suke, ɗaruruwa, suna watsa wuta kan wani sahun, ba ruwansu da inda harsashi guda zai faɗa, don haka aka yi harsashin ya fi bututu ƙanƙanta sosai. Kuma da sanda suke dannawa, tana cikin horon. Sannan wanda ake harbinsa, jinkiri ya fi masa haɗari da garwashi. Kai gada ba ta harbinka. Masu bindiga mai zare a cikin bututu, wadda ta fi saiti, su kan kai minti guda kan ɗuri ɗaya, har sai da wani hafsan Faransa, Minié, ya fito da harsashi mai rami a gindi wajen 1849, wanda ke shiga a sake ya buɗe idan wuta ta tashi.

Duk wannan wahalar ce ta sa duniya ta bar ɗuri ta baki. Mu nan mun ga bambancin a filin Giginya da ke Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, lokacin Sarkin Musulmi Attahiru, inda mutanenmu da dawaki da masu da kibau da 'yan bindigogin toka suka fuskanci sojojin Turawan Ingila masu bindigar Maxim mai aman wuta da bindigogi masu ɗuri ta gindi. Allah ya jiƙan magabata.

Ma'aikaciyar Jinya, Mabera:
Amin. Ku yi mini haƙuri in sa baki, ni ba maharbiya ba ce, ƙanena ne ya sa ni cikin zauren nan don na hana shi sakat kan bindigarsa. Na yi shekaru a ɗakin karɓar masu haɗari. Raunin bindigar toka daban yake. Yanka ne da ƙuna a haɗe, ga baƙin albarushi ya shige cikin tsoka, ga gutsattsarin ƙarfe ko katako. Yawanci hannu ne da fuska. Kuma daga daji ake kawo su, bayan awa biyar ko shida a kan babur, an ɗaure da tsumman da aka samu. Wani an zuba masa toka ko ƙasa don jini ya tsaya, mu kuma mu kwana muna wankewa. Don Allah idan ƙaddara ta faɗa, a danne da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama, a kamo hanyar asibiti nan take, kuma a tabbata an yi allurar tetanus. Ɗan uwana na Gidan Igwai, ina da ɗa kamar ka. Yatsan da aka yanke ba ya tsirowa.

Na Gidan Igwai:
Na ji, Anti. Allah ya saka da alheri. Zan nemi gora.

Mai Kirinjijiya, Kware:
Ni tsuntsu nake bi a tafki da fadama, kuma matsalata ta sha bamban. Da asuba raɓa ta jiƙa komai, dauɗar cikin bututu ta sha danshi ta yi kamar kwalta. Idan na sa tsumma mai laima na share kamar yadda ake cewa, sai in tura dauɗar can ƙasa ta toshe ƙofar wuta, ɗan ramin da wuta ke bi ta kai ga albarushi, in ja kunama ta ce ƙyas, shiru. Sau biyu haka ta faru da ni a bana. Shi ya sa na koma hura iska da baki cikin bututu bayan harbi, in ga hayaƙi ya fita ta ƙofar wuta, in san hanya a buɗe take.

Ɗan Maƙera:
Na san tsofaffi da yawa na yin haka, amma ni ban yarda da shi ba. Ka saba wa kanka ɗora baki kan bakin bindiga, wata rana za ka ɗora kan wadda ba ta tashi ba, kana zaton ta tashi. Akwai wuta mai jinkiri: ka ja kunama, shiru, can bayan ɗan lokaci ta tashi. Shi ya sa idan ta ƙi, kada ka juyo da ita ka leƙa. Ka bar bakinta na kallon inda ka nufa, ka ƙirga sittin a hankali tukuna. Toshewar da kake fama da ita kuwa, tsummanka ya cika ruwa ne kuma ya cika kauri. Laima kaɗan, kamar ka taɓa shi da harshe. Ka zura sau ɗaya ka fito, ka bi da busasshe. Ka rataya siririyar waya a wuya don tsokale ƙofar wuta.

Mai Kirinjijiya, Kware:
Shara biyu, ga tsokala, ga ɗuri. Maƙeri, ai kafin nan tsuntsu ya kai tafkin Kalmalo.

Sarkin Baka (jikansa ke rubuta masa):
Baba ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce: Tsuntsun da yat tashi lafiya lau, bar shi shi tafi, ba ka da bashi gare shi. Harbi na biyu na dabbar da ka raunata na. Ita kuwa in ka lura, ba gudu mai nisa taka yi ba in ba a kore ta ba. Tana shiga duhu ta kwanta. Kuskuren yara shi na su zabura su bi ta da bindiga wofi, ko suna tafiya suna ɗuri. Ita ta ji motsi ta ƙara gaba, kai kuma kana tuntuɓe da bakin bindiga ƙarƙashin haɓarka. Ka tsaya inda kake. Ka riƙe wurin da tas shiga da ido, wane icce, wane suri. Ka ɗura a natse, bakin bindiga nesa da fuska, yatsu biyu kawai bisa sanda, kada ka dafa tafinka bisa kanta. Hular wuta, wadda ka tada wuta in an ja kunama, ita ta ƙarshe, sai ka gama komi. Sannan ka bi jini sannu. Sau da yawa nan kusa zaka iske ta.

Ya kuma ce: abin da ya fi gora, ya fi ɗamara, shi na abokin tafiya. Mu ba mu harbi tare. In na harba, ɗan uwana na riƙe da tashi a ɗure, bai taɓa ba. In nama ya tashi, shi ka ƙarasawa, ni ina ɗuri. Kai da kawunka, bindiga nawa kunka tafi da ita?

Ɗan Dogon Daji:
Biyu, ranka ya daɗe. Amma mun rabu, shi ya zaga ta gabas don ya koro. Kuma gaskiya na bi ta da gudu ina ƙoƙarin ɗuri a tafe. Har albarushi ya zube mini.

Alaramma, Wurno:
Allah ya yi maka albarka da ka damu da wahalar dabba. Hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda yara ke haddacewa cikin Arba'una, yana cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku kashe ku kyautata kisa, idan za ku yanka ku kyautata yanka. Amma ina ganin kyautatawar tana farawa tun kafin harbin farko. Idan nisa ya yi yawa, ko ba ka ga wurin da ya dace ba sai cinya ko gindi, haƙuri ya fi. Ka yi bisimilla lokacin harbi, wuƙarka ta kasance da kaifi a kusa, idan ka iske ta da rai ka yanka ba jinkiri. Kuma jikinka amana ne, ba a ceton gada da hannun ɗan Adam.

Mai Kirinjijiya, Kware:
To bindiga mai baki biyu fa? Ina tunanin sayar da tawa in nemi irin ta, in huta.

Ɗan Maƙera:
Tana maganin harbi na biyu, amma da nata sharrin. Girgizar bakin farko na iya sassauta ɗurin na biyun ya zamo gaba, ga filin da muke gudu ya samu. Dole ka riƙa sake danna shi. Kuma idan ka harba ɗaya za ka sake ɗura shi, ɗayan a ɗure yake yana kallon hannunka, sai ka cire hularsa tukuna. Mutane na kuma ruɗewa su zuba ɗuri biyu a baki guda. Wanda bai iya natsuwa da ɗaya ba, biyu ba za ta gyara shi ba. Sannan wani gargaɗi tunda an zo nan: kada wanda ya kuskura ya farke harsashin zamani ya juye garinsa cikin adaka don wai ba ya hayaƙi ba ya dauɗa. Ƙarfinsa ya ninka na gargajiya nesa ba kusa ba, bututun zai tarwatse ne.

Shugaban Zaure:
Muhawara ta yi amfani. Abu biyu nake roƙo. Kada kowa ya rubuta yadda ake haɗa albarushi ko ƙera bindiga a nan, wanda ya yi zan goge. Na biyu, dokar makamai ta 1959 ta ambaci bindigogin da ake ɗurawa ta baki, kuma maganar izininsu tana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, don haka kowa ya daidaita takardunsa da katin ƙungiyarsa. Kun san halin rashin tsaro da gabashin jihar nan ta Sakkwato ke ciki, wajen Isa da Sabon Birni, kun kuma tuna mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo cikin Maris 2025 suna hanyar komawa gida Kano. Yanzu mai bindiga a kafaɗa ba a tsayawa tambayarsa gada yake nema ko me. Ku sanar da mai gari kafin ku shiga dajin kowa.

Ɗan Dogon Daji:
Salam. Na dawo da labari bayan kwana tara. Na yanka gora biyar, baduku ya ɗinka mini ɗamara. Kawu ya riƙe agogon waya muka gwada a bayan gari, muna harbin tsohon kwano a jikin ganuwar ƙasa. Yadda nake yi da, minti ɗaya da rabi har da ɗoriya. Da gora, tare da shara mai laima da busasshiya, ranar farko minti ɗaya da daƙiƙa goma. Jiya na sauko hamsin. Na yi wa sanda zane biyu, kuma a harbi na huɗu zanen ya tsaya saman bakin bututu da faɗin yatsa biyu, sai da na ƙara dannawa ya zauna. Da ƙasa na buga, da ban sani ba. Totuwa ɗaya ta fice a tafiya albarushi ya zube cikin ɗamara, don haka zan koma toshi na fata mai igiya.

Mai Kirinjijiya, Kware:
Madalla. Ni har yanzu sharar nan ba ta karɓe ni a fadama ba, jiya ma ta toshe. Maƙeri, ko dai ƙofar wutar tawa ce ta yi ƙanƙanta?

Ɗan Maƙera:
Sai na gani da ido. Kawo ta ranar Laraba bayan la'asar, ba ɗuri a ciki, a naɗe cikin buhu, ka zo da takardarka. Ka haɗo da tsumman da kake shara da shi, shi na fi zargi.